'Yata ta karanta littafin da ban rubuta dominta ba

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi a nan Jos, ina da aure da yara huɗu. Na daɗe ina rubuta littattafan Hausa a waya da sunan da ba nawa ba. Labaran zaman aure nake yi: kishi, saki, dangin miji, cin amana. Ba na rubuta batsa, amma gaskiya akwai shafukan da suka shiga har ɗakin ma'aurata, waɗanda ba na yara ba ne. Ina da zauren WhatsApp na kuɗi, abin da nake samu a nan ya fi albashina, da shi nake tallafa wa maigida wajen kuɗin makarantar yara.

Watan jiya wata ƙawar babbar 'yata ta tura mata ɗaya daga cikin littattafan. Shekararta 14, tana aji 3 a ƙaramar sakandare. Ta karanta, a ƙasan shafi ta ga lambar asusun da ake biyan kuɗi, ga cikakken sunana. Tun ranar ba ta yarda mu haɗa ido, in na shigo ɗaki sai ta fita. Yarinyar ta gaya wa ƙanwata, ita kuma ta sanar da ni. Da Abbansu ya ji sai ya ce in rufe zauren, in bar rubutun manya kwata-kwata, in dai rubutun nake so in koma wa labaran yara da nake ba 'yan ajina. Ina da su cike da littafin rubutu, kuma a raina su na fi so. Amma da na je wurin masu ɗab'i, kuɗin da suka yanka mini saboda hotuna masu launi ya fi ƙarfina, kuma ban ga mai sayen labarin yara ba. Ga wani littafi ina tsakiyarsa, mutane sun riga sun biya. Anti, in daina ne? Kuma da wane ido zan kalli yarinyar nan?

Wata marubuciya, Jos

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayoyi biyu kika yi mini, kuma ta biyun ce ba za ta iya jira ba. Littafi zai yi wata guda a waya babu abin da ya same shi, amma yarinya 'yar shekara 14 da take ta saƙa da warwara ita kaɗai, kowace safiya ƙara nisa take yi da ke. Saboda haka da ita zan fara.

Ki lura da abu ɗaya: ba ta bar maganar a cikinta ba, ta kai wa ƙanwarki. Yarinya ta san duk abin da ta gaya wa ƙanwar uwarta zai dawo kunnen uwar. Hanyar da ta iya ke nan ta ce miki tana son a yi maganar, amma ba za ta iya farawa ba. A gidajenmu da yawa uwa ba ta sakewa da 'yar fari, wata ko sunanta ba ta kama. In haka kuke, to kunyarki da tata sun haɗu sun tare ƙofa, kuma ke ce babba, ke za ki fara matsawa.

Kafin ki yi magana, ki yi tunanin abin da yake damun ta, domin mai yiwuwa ba shi ne abin da yake damun ki ba. Ke shafukan nan kike tunawa kina jin nauyi. Ita kuwa a shekarunta ba ta gama rarrabe marubuci da labarinsa ba. Ta karanta wata mata da miji yake wulaƙanta ta, ko yake cin amanarta, sai ta ga sunan mahaifiyarta a ƙasa. Abin da zai fara zuwa mata shi ne, ashe haka Umma da Abba suke zaune? Bayan wannan akwai tsoron ko ƙawar ta gane, ko zance ya riga ya zaga aji. Sannan ga nata laifin da take gani, na karanta abin da ta san ba a so ta karanta, tana jiran ranar da za a ƙwace waya a yi mata faɗa.

Kada ki kira ta ɗaki ki rufe ƙofa kamar za a yanke hukunci. Ki bari sai kuna wani aiki tare, kuna feraye dankali ko kuna hanyar cefane, inda ba dole sai an kalli juna ba. Ki faɗa mata a taƙaice cewa kin san ta karanta, ke kika rubuta, kuma ba ki yi fushi da ita ba. Ki ce mata labarin ƙirƙira ne, ba gidanku ba ne, ba Abbanta ba ne. Ki ce na manya kika rubuta wa, shi ya sa ba ki taɓa nuna mata ba. Daga nan ki yi shiru. In ta yi magana ki saurara har ta gama, in ba ta yi ba kada ki matsa, ki bar ta da cewa duk ranar da take da tambaya ke za ta fara kawo wa. Batun wace ce ta turo mata da abin da ke cikin wayarta yana nan, kuma haƙƙinki ne ki bincika, amma ba a wannan zaman ba. In kika haɗa su, abin da za ta riƙe shi ne an hukunta ta don ta faɗi gaskiya, gobe kuma ko ƙanwar taki ba za ta gaya wa ba.

Yanzu ke da kanki. Ban yarda rubuta labarin zaman aure abin kunya ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1980 Balaraba Ramat Yakubu da takwarorinta suke rubutu a kan auren dole da kishi da halin da sakakkiya take shiga, kuma mata da yawa a cikin irin waɗannan littattafai suka fara ganin an faɗi abin da suke haɗiyewa. Aikin da kike yi yana da asali. Amma zan gaya miki abin da wataƙila masu sharhi a zaurenki ba za su gaya miki ba. Kin fi ni sanin yadda zaure yake: ranar da kika saki shafi mai zafi sai sharhi ya cika, ranar da kika saki wanda kika fi shan wahalarsa sai ki ji tsit. A hankali marubuciya takan fara ƙara abin da ake tafa mata a kai, ko labarin bai nema ba. Ki zauna ke kaɗai ki sake karanta shafukan nan, kowanne ki tambayi kanki, in na cire shi, labarin ya rasa wani abu? Inda ya rasa, ki gyara lafazin ki bar ma'anar. Inda bai rasa komai ba, ki cire. Mai karatu babba ya san abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa, ba sai an shiga da shi ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, rubutun waya ba shi da katanga. Ko kin rubuta "na matan aure ne kawai" a saman kowane shafi, ko kin yi Allah ya isa ga mai fitarwa, mutum ɗaya ya isa ya tattara littafin ya tura wani zaure, daga nan kuma ya fita hannunki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayanki a kan mai satar aikinki, amma ba za ta hana 'yar aji 3 buɗe abin da aka turo mata ba. Duk abin da za ki rubuta daga yau, ki rubuta shi da sanin cewa 'yar wata za ta karanta, kamar yadda taki ta karanta.

Shi kuma Abban yara, kada ki ɗauki maganarsa a matsayin ƙiyayya da rubutunki. Uba ne da ya ji 'yarsa ta ga abin da bai so ba, kuma sunan matarsa yana yawo a ƙasan shafin. Mutumin da yake ƙin rubutu ba zai ce ki koma wa labaran yara ba, cewa zai yi ki ajiye alƙalami. Sai dai hukuncin da ya yanke na lokacin ɓacin rai ne, kuma akwai abubuwa biyu da ya kamata a sa masa a gaba in ya huce. Na farko lissafi: ki rubuta masa abin da zauren yake kawowa a wata, da abin da yake biya a gidan, don ku san tare inda za a cike gurbin in an rufe. Na biyu amana: mutane sun ba da kuɗinsu don littafin da ba a gama ba, ko dai a gama musu ko a mayar musu. Ki je masa da gyaran da kika riga kika fara, ki miƙa masa littafin ya karanta da idonsa, domin sau da yawa abin da miji yake zato ya fi abin da ke rubuce muni. In ya nuna miki wurin da bai kwanta masa ba, ki karɓa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Batun asusu mai sauƙi ne. Ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ki buɗe asusu da wannan sunan, ki cire naki daga ƙasan shafuka. In kuma za ki sayar ta wata manhaja, ki riƙe kwafin kowane littafi a wurinki. Da manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, marubuta sun ga cewa kasuwar intanet takan tashi. Sunan da kike rubutun manya da shi ki bar shi can, littattafan yara kuma ki sa musu wani, ko ma sunanki na gaskiya. Amfanin raba sunan shi ne yaron da ya ji daɗin labarinki ya nemi wani, kada ya faɗa kan na manya. Ban ce ki yi don ɓuya ba. Jos ba ta da girman da sirri irin wannan zai daɗe, kuma in mai makarantarku ya tambaye ki, gara ya ji daga bakinki.

To, labaran yara. Na ji daɗi da kika ce su kika fi so, kuma kina da abin da yawancin masu son rubuta wa yara ba su da shi: aji cike da yara kowace safiya. Ki karanta musu labari da babbar murya, idonki a kansu. Inda suka fara mutsu-mutsu, nan ne ya yi tsawo. Inda suka ce a maimaita, nan ne ƙarfinsa. Ki kuma san wa kike yi wa, domin ɗan shekara 5 da ɗan shekara 10 ba abu ɗaya suke so ba. Na farko yana son gajerun jimloli, da maimaici, da 'yar waƙa da zai riƙa amsawa, irin yadda kakanninmu suke saka waƙa a tsakiyar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Na biyu yana son yaro kamarsa da ya shiga matsala ya fita da dabararsa, ba wani babba ya zo ya cece shi ba. Abin da na fi roƙon ki shi ne kada ki liƙa wa'azi a ƙarshe. Malamai muna da wannan hali, sai mun ce "darasin da ke cikin wannan labari". In labarin ya yi, yaro ya riga ya ɗauka. Don 'yan makaranta Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, ga shi har yau manya suna karantawa, saboda daɗin labarin ne a gaba.

Kuma ki rubuta musu garinsu. Yaron Gangare ko Rikkos ko Unguwar Rogo da wuya ya buɗe littafi ya ga sanyin da yake sa shi ƙin wanka a watan Disamba, ko duwatsun da yake hawa, ko tafkunan da haƙar kuza ta bari waɗanda iyaye suke hana zuwa, ko gidan namun daji da ke kusa da gidan tarihi. Ga wata dama da marubucin Kano ba shi da ita kamar ke: a Jos yaran Birom da Afizere da Angas da yawa da Hausa suke wasa a layi. Littafin da aka jera Hausa da Turanci a shafi ɗaya zai shiga makarantun da na Hausa zalla ba zai shiga ba.

Kuɗin da aka yanka miki bai ba ni mamaki ba. Bugun launi farantin injin ɗab'i huɗu yake ci a inda baƙi yake cin ɗaya. Ki sa launi a bango kawai, ciki a yi zanen layi baƙi, wanda yara ma za su iya shafa wa launi da kansu. Ki tsara littafin a shafi 16 ko 24 ko 32, domin babbar takarda ake bugawa a naɗe, adadin da bai dace da naɗin ba asarar takarda ne. Mai zane ki nema cikin ɗaliban zane na Jami'ar Jos, ku rubuta yarjejeniya ko da ta rabin shafi ce, a san nawa za a biya da wanda ya mallaki hotunan. Kafin a buga ki duba da idonki cewa ɓ da ɗ da ƙ sun fito da ƙugiyarsu, don yaro mai koyon karatu abin da ya gani shi zai riƙe. Lambar shaidar littafi ta ISBN kuma Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayarwa.

Kin ce ba ki ga mai saye ba. Yaro ba ya sayen littafi, uwa ce take saya, ko makaranta. Zaurenki kuwa cike yake da iyaye mata da suka riga suka yarda da alƙalaminki har suna biya. Ki sanar da su, ki karɓi oda kafin ki je maɗaba'a, ki buga daidai abin da aka nema da ɗan ƙari. Ki tuntuɓi makarantarku da Islamiyyun unguwa tun kafin bikin ƙarshen shekara, lokacin da suke neman abin da za su ba ɗalibai kyauta. Ki naɗi wasu labaran da muryarki, uwa ta kunna wa yara da dare, wannan ba ya cin takarda. Ki nemi reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na Filato, a nan za ki haɗu da waɗanda suka riga ki bugawa su nuna miki maɗaba'ar da ba ta cuta. Ba zan ruɗe ki ba, kuɗin littafin yara a hankali yake zuwa, kuma ba zai maye gurbin zaurenki a shekarar farko ba. Shi ya sa ban goyi bayan a rufe komai dare ɗaya ba.

Akwai kuma mutanen da ba ki ambata ba a wasiƙarki, alhali su suka jawo ta: sa'o'in 'yarki. Me ya sa ƙawarta ta tura mata littafin matan aure? Saboda 'yar shekara 14 mai son karatun Hausa, in ta duba, kusan babu abin da aka rubuta dominta. Mun yaye su daga tatsuniya ba mu dama musu komai ba, sai suka sa hannu a kwanon manya. Ni a ganina nan ne aka fi bukatarki, kuma nan ne abin da kika riga kika iya zai yi miki aiki. Labarin matasa ba ya bukatar hoto, ba ya bukatar maɗaba'a. Shafi-shafi a waya, yadda kika saba, kuma kin san yadda ake tsayawa a inda mai karatu zai ƙagu gobe ta yi.

Abin rubutawa kuwa ba ya ƙarewa. Makarantar kwana, fargabar jarrabawar WAEC da JAMB, ƙawar da ta juya baya, yarinyar da take talla kafin ta tafi aji, yaron da yake koyon gyaran waya yana ɓoye wa babansa cewa ya faɗi jarrabawa, wayar farko da abin da take shigowa da shi. Har da farkon jin wani a zuciya, domin suna ji, kuma gara su karanta shi daga alƙalamin uwa mai kunya da su karanta daga inda babu ita. Sannan yaran Jos na yanzu an haife su bayan rikicin 2001 da na 2008 da na 2010. Sun buɗe ido sun tarar an riga an raba unguwanni, an ce musu nan ana zuwa, can ba a zuwa. Babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002, su a bakin iyaye suka san cikarta. Suna zama aji ɗaya da yaran da ba su taɓa shiga gidajensu ba. Wa ya rubuta musu wannan da Hausa? Matashi yana gane mai yi masa huɗuba tun daga shafin farko, ya rufe. Amma in ya ga an san abin da yake ciki, ba a raina shi ba, zai bi ki har ƙarshe, ya kuma kawo abokansa. Kada ki manta da yara maza, su an fi barin su babu komai.

In komai ya daidaita tsakaninki da 'yarki, ba yanzu ba, sai ta dawo tana zama inda kike, ki ba ta babin farko ki ce ta gaya miki inda 'yan makaranta ba sa magana haka. Za ta samu, kuma za ta ji daɗin gyara ki. Sharaɗi ɗaya ne: kada sirrinta ko na ƙawayenta ya shiga labarin. Abin da ta gaya miki a matsayin uwa ba kayan rubutu ba ne. In kuma ta ce ba ta so, ki ƙyale ta, akwai tsofaffin ɗalibanki da suka shiga sakandare.

Zai yiwu bayan duk wannan maigida ya tsaya a kan bakansa. In haka ta faru, kada ki buɗe wani zaure a ɓoye da sabon suna, ranar da ya gano abin zai fi na yau zafi, kuma yarinyar tana kallo. Ki nemi ya ba ki wa'adin da za ki kammala littafin da aka biya, a gyare, ko ki mayar wa mutane kuɗinsu ki yi musu sallama ta mutunci. In kuna bukatar mai shiga tsakani, ki zaɓi babba ɗaya da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe magana, ba taron dangi ba. Littattafan da kika riga kika rubuta kada ki goge su cikin fushi ko kunya, ki adana su inda yara ba sa kaiwa, domin ra'ayin mutum yakan sauya in ya ga an girmama maganarsa. Zauren kuma ba dole a watse ba, za ki iya gaya wa matan cewa daga wata mai zuwa labarin 'ya'yansu za ki riƙa kawowa, mai so ta zauna. Wasu za su tafi, ki sa wannan a lissafin da za ki nuna masa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya shirya mana zuri'a.